Fim ɗin Nomau

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, kuma duk wanda ya shigo shagona a Tambuwal sai ya fara da kukan zafi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Matasa cewa suke ba a taɓa yin irinsa ba. Ni dai ina jin su ina gyara takarda a inji, ba na musu, don mai fanka a kansa da ƙanƙara a kwano da magariba ba zai yarda an taɓa shan wuya kafin shi ba. Amma watan azumi zagayawa yake yi, kuma shekara talatin da 'yan kai da suka wuce ya taɓa tsayawa daidai inda ya tsaya bana. Wancan na yi shi a ƙauyenmu, gefen Kebbe, a shekarar da rumbuna suka yi ƙasa tun sanyi bai wuce ba. Mutanen ƙauyenmu da yunwa suke tuna ta. Ni da Nomau nake tuna ta, kuma har yau in na tuna sai wani abu ya taso min. Hassada ce. Na yi girman da zan tsaya ina neman mata wani suna.

Nomau taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Hassi, ƙanwar babana ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" nake kiransa, shi kuma ya amsa da duk baƙar maganar da ta zo bakinsa. Wanda bai tashi cikin wannan wasa ba zai ɗauka gaba ce. Zan iya cire masa hula a tsakiyar kasuwa, in shanye furarsa yana kallo, in ce da baƙi a bakin hanya aka tsince shi. Shi ma haka. Doka ɗaya ce a ciki: babu fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi, kuma shi dattawa za su zaunar su yi wa faɗa.

Mu biyu muna koyon hoto a wajen Malam Ladan, a nan Tambuwal, a wannan shagon da nake zaune yanzu. Na riga Nomau zuwa da shekara biyu, kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Na iya zaunar da mutum, na iya gyara wa ango hula, na san yadda ake sa jariri ya dubi kyamara. Nomau kuwa sanyin jiki gare shi. Sai ya tsayar da mutum yana zufa, shi yana can yana zagaye shi wai yana neman haske, har mutumin ya gaji ya ce a kira Ummaru, wato ni. A lokacin idanun Malam Ladan sun fara rauni, 'ya'yansa kuma ba wanda yake son sana'ar. Kowa a layin ya san shagon hannun ɗayanmu zai faɗa, kuma kowa ya ɗauka nawa ne. Ni ma haka na ɗauka.

Saura kwana uku a ga wata sai saƙo ya zo daga gida. Rijiya ta ja baya, dabbobi suna faɗuwa, ana neman hannu. Da za mu tafi Malam Ladan ya ɗauko ƙaramar kyamararsa da fim biyu, kowanne mai talatin da shida, ya ajiye a gabanmu.

"Kyamara guda ta, fim biyu," in ji shi. "Kowa da nashi. Bayan Salla ku kawo in kai Sakkwato a wanke. Wanda aikinai yaf fi, shi za shi riƙe shago."

Tun a mota na gama lissafina. Ranar Salla ce ranar hoto, ranar da kowa ya yi wanka ya shafa mai. Na ce da Nomau ya fara sa nasa, ya yi ya gama, ya ba ni kyamara kafin Salla. Ya ce to. Ina ta murna a raina na bar shi da watan da ba wanda zai tsaya gaban kyamara da busasshen leɓe.

Abin da muka tarar a gida ya fi abin da saƙo ya faɗa. Babana shi kaɗai yake shiga rumbu, kuma in ya fito ba ya duban kowa. Inna ta canza ƙwaryar awo, ta koma ƙarama, ba ta ce da kowa komai ba. Sahur kunu ne wanda dusa ta fi gari yawa a cikinsa, kana sha kana jin ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ana idar da sallar asuba maza za mu nufi rijiya. Mutum ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, yana kwasar laka a guga, sauran suna ja. A ƙasan rijiyar babu iska, sai ɗumi da warin taɓo, kuma ba wanda yake iya daɗewa. In ka fito sai ka ga gari yana juyawa. Ruwan da muke samu bayan duk wannan ja ne, sai an bar shi ya kwanta a randa kafin a ga ƙasan moɗa.

Mata kuwa daji suke shiga tsinkar anza. Wanda bai san ta ba Allah ya sa kada ya san ta: 'ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗacin da ba a iya haɗiyewa, sai an ɓare an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Ruwan kuma shi ne babu. Inna a bayan ɗaki take ajiye tukunyar jiƙon, ta rufe da faifai, don kada baƙo ya shigo ya san gidan Malam Sule, babana, an kai ga anza. Duk gidajen unguwar haka suke yi, kowa kuma yana jin warin na maƙwabcinsa.

Da hantsi mu koma wajen dabbobi. A bazara gawo kaɗai yake da ganye, sauran itatuwa duk sun tuɓe. Sai mu hau da gatari muna sassabo rassa, awaki da shanu biyun da suka rage mana suna jira a ƙasa. Fulanin da suka saba zama gefen fadamarmu har farkon damina, a shekarar tun da wuri suka kaɗa shanu kudu, sai wani tsoho da ya tsaya da raunanan da ba za su iya tafiya ba. Kafin azahar gari ya mutu. Ƙasa ba ta takuwa ko da takalmi, iska in ta buso kamar an buɗe bakin murhu. Kowa ya jiƙa tsumma ya ɗora a ƙirji ya kwanta a zaure, ba mai magana, don magana ma tana cin yawu. Haka za a kwanta har inuwa ta juya. Da magariba a buɗe baki da ruwan jiƙon aduwa da kunun tsamiya tsararo, sai ɗan abin da Allah ya hore.

Cikin wannan hali ne Nomau yake rataya kyamara bayan la'asar ya nufi daji. Hoto ɗaya yake ɗauka a rana, wata rana biyu, wata rana ya dawo bai danna ba. Da aka kwana biyar na tambaye shi wa yake samu yana ɗauka a dajin, ya ce in zo in gani. Na bi shi don in samu abin tsokana.

A bakin fadama na ga ya tsaya gaban tumfafiya. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya tashi, ya koma ɗaya gefen, sannan ya kwanta rub da ciki a kan yashin da ko tafin hannu ban iya ɗorawa ba. Ya daɗe a haka. Ina tsaye ina faɗa masa cewa dama na san bayi ba su da hankali, amma ban san abin ya kai ga yi wa tumfafiya sujada ba. Bai kula ni ba. Can sai na ji ƙarar dannawa, ya ɗago kai.

"Taho ka leƙa," ya ce. "Yi maza, rana na tafiya."

Na kwanta inda ya kwanta, na sa ido a 'yar tagar kyamara. Ɗan tumfafiya ne guda ya fashe, audugarsa ta fito, rana tana bayanta, kowane zare ya kama haske shi kaɗai. A bayansa fadama ce a tsattsage, tsaga bayan tsaga, har inda ta haɗu da sama. Shekara ashirin da huɗu ina wuce tumfafiya. Abin da na sani game da ita shi ne nononta yana ɓata ido, kuma dabba sai ta rasa komai take waiwayarta. Ban taɓa sanin tana da kyau ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne a bakin Nomau zan ji. Na tashi na kakkaɓe riga.

"Bawa," na ce, "wanga ko akuya ba ta tsayawa kallonai."

Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya kira ni.

Daga ranar kullum sai na bi shi. A gida cewa nake ina tsaron kyamarar Malam kada mahaukaci ya yar da ita. Gaskiyar ita ce na kasa zama. Duk hoton da zai ɗauka sai ya ce in leƙa, ni kuma sai na leƙa, kamar mai sosa miki. Na leƙa kuka tsirara ba ganye ko ɗaya, mata uku da tuluna suna wucewa a gindinta ƙanana ƙanana. Na leƙa inuwar ƙayar aduwa a jikin gaɓar rafi, ta fi ƙayar kanta tsawo da kaifi. Na leƙa sawun shanu da ya daskare a busasshiyar laka tun kaka, da ɗan tsiron ƙarangiya guda a cikin kofato ɗaya. Wannan ranar tsohon Bafulatanin nan yana zaune kusa, ya dogara da sanda yana kallonmu.

"Yaro, mi kaka ɗauka?" ya tambayi Nomau. "Ba kowa wurin."

"Akwai, Baffa. Shanunku na da sunka wuce."

Tsohon ya matso ya dubi lakar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna sawu ɗaya da sanda ya faɗi sunan saniyar. Ni ba wanda ya taɓa duban hotona haka, kuma wannan ma ba a wanke shi ba tukuna.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata rana da tsakar rana, kowa yana kwance, na zare kyamarar daga ƙarƙashin kan Nomau na tafi bakin fadama ni kaɗai. Na sami tumfafiyar nan, na kwanta a wurin da muka kwanta, na leƙa. Tumfafiya na gani. Na matsa dama, na matsa hagu, na ɗaga, na sauke, yashi yana gasa min ciki, ba abin da na gani sai ganye mai kauri da ƙura a kansa. Na je gindin kukar, na ga kuka. Kyamarar ita ce, wurin shi ne, idon ne ba nawa ba. Na dawo da jiri, na mayar da ita inda na ɗauka, na kwanta na juya masa baya. Ranar ko kunun buɗa baki bai yi min daɗi ba.

A gida kowa yana bayana. Babana ya ce da shi, "Nomau, fim ɗin mutane kaka ɓatawa ga itace, wa za shi sayi hoton ƙaya?" Gwaggo Hassi ta ce ita dai tun yana yaro haka yake, sai a aike shi ɗiban ruwa a same shi yana kallon tururuwa. Da na ji daɗin wannan magana, sai dai na san Malam Ladan. Gani ne ya fara barinsa, sani bai bar shi ba. Na sha ganinsa ya kai hoto har bakin hanci yana dubawa, ya ajiye ya ce wannan an danna ne kawai, ba a ɗauka ba. Na san in fim ɗin nan ya je Sakkwato ya dawo, zai kai su hancinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zai ce an danna ba. Shekarata biyu ta fifiko, da gyaran hula, da lallashin jarirai, duk za su tashi a banza saboda tumfafiya. Ina ƙasan rijiya ina kwasar laka wannan tunani nake yi.

A goman ƙarshe gari ya canza. Zafi ya ƙaru, ya koma mai nauyi, mai danƙo, tufa tana manne wa jiki. Kwana uku a jere hadari yana haɗuwa a gabas bayan la'asar, mutane su fito su tsaya suna kallo, sai iska ta watsa shi. Nomau saura masa hoto ɗaya. Ya ce ya ajiye shi ne don babban gawon da ke tsakiyar gonarmu, yana so ya kama shi kore shar da baƙin hadari a bayansa. Kullum ya je ya zauna ya jira, kullum ya dawo bai danna ba. Na ce masa Salla ta zo, ya danna ko jaki ne ya ba ni kyamara. Ya ce in ƙara masa kwana ɗaya.

Ran ashirin da tara, bayan azahar, maza suna zaune a inuwar zaure. Ba wanda ya yi sabon ɗinki a shekarar, kowa tsohuwar rigarsa yake dubawa yana neman inda zai kama da allura. Gwaggo Hassi ta shigo karɓar turmi ta tsaya gaisawa da babana. Nomau yana gefe da kyamara a cinya yana goge ta da bakin riga. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don an ce a ɗaure yake a watan. Ni ne. Na tashi kamar zan wuce, na fizge ta, na fita da gudu tsakiyar fili inda rana take tsaye.

"Jama'a, bari mu gani ko akwai mutum guda cikin abin ga," na ce. "Wata guda bawana na kiwon itace."

Na buɗe murfin baya. Na kama bakin fim ɗin na ja, na ja, ya fito tsawonsa duka, na ɗaga shi sama da hannu biyu ina juyawa wai ina neman mutum.

Zauren ya fashe da dariya. An kwana biyu ba a yi dariya a gidan ba, sai ta fito da ƙarfi, har da masu tari. Babana yana murmushi ya ce Allah shi shirye mu. Gwaggo Hassi ta riƙe haɓa tana cewa, "Kai Ummaru, ba ka girma. Naɗe mishi abinai ka maida mishi, kar shi yi ƙura." A duk zauren ba wanda ya san fim ba ya ganin rana. Su a ganinsu kamar rawani ne na warware, za a naɗe a ci gaba. Mu biyu kaɗai muka san cewa kafin Gwaggo ta rufe baki, wata guda na kwanciya a yashi ya riga ya tafi.

Nomau ya miƙe. Leɓensa fari fat saboda azumi. Ya dubi fim ɗin, ya dube ni, kuma wannan kallon ba na taubashi ba ne. Sai ya waiwaya ya ga kawunsa, ya ga uwarsa, ya ga dattawa, duk suna jiran su ji da me zai rama. In ya yi fushi shi ya faɗi, kuma a gidan da yake cin anzarsu. Na ga lokacin da ya haɗiye abin. Sannan ya yi dariya.

"Ubangijina ya ga dama," ya ce. "Ku bar shi, yunwa ta ka damunai."

Aka sake dariya, aka ce Nomau ya rama. Ya zo ya karɓi fim ɗin daga hannuna, ya naɗe shi a yatsunsa a hankali kamar akwai sauran abin da za a lallaɓa, ya sa a aljihu. Kyamarar kuwa ya bar min.

Bayan la'asar hadarin ya zo, kuma wannan karon bai watse ba. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, rana tana yamma tana haska duk abin da ke gabansa. Muna gona muna tattara rassan da muka sassabo. Na ɗaga kai na ga gawon, kuma ko ni da ba ni da ido na gane abin da yake jira ke nan. Kyamara tana wuyana da fim ɗina sabo a ciki. Nomau ya matso kusa da ni, bai dube ni ba.

"Ɗauka," ya ce. "Kar shi wuce. Ja baya kaɗan, ka durƙusa."

"Fim ɗina na mutane na," na ce.

Ba wannan ne dalili ba. In na ɗauka, hotonsa ne, kuma Malam Ladan zai gane. Muka tsaya har hasken ya tafi. Sai iska, sai manyan ɗigo masu ɗumi, sai ƙamshin ƙasa ya tashi. Mutane suka fito daga gidaje suka tsaya a fili, fuska sama, baki a rufe gam don rana ba ta faɗi ba, ruwa yana bin leɓunansu ba mai iya lasa. Mata suna ta jera tukwane a bakin indararo. Bai daɗe ba ya ɗauke. Waɗanda suka yi saurin shuka da shi irinsu ya ƙone a ƙasa, don sai bayan kusan wata guda aka sake ganin wani.

Ranar Salla na ɗauki talatin da shida cif. Dattawa a jere, yara a jere, mai gari a kan kujera, kowa ya fito tas ba wanda ya rufe ido. Da muka koma Tambuwal Malam Ladan ya karɓi nawa, ya miƙa wa Nomau hannu.

"Haske ya shiga, Malam," in ji Nomau.

"Garin ƙaƙa?"

"Wasa munka yi."

Malam Ladan ya juyo da raunanan idanunsa wajena. Na bar maganar a yadda Nomau ya faɗe ta. Da hotunana suka dawo ya kai biyu ko uku hancinsa, ya ajiye sauran bai duba ba, ya ce alkawari alkawari ne, shago nawa ne. Damina na kankama Nomau ya ce gona tana nemansa, ya koma gida. Bai sake riƙe kyamara ba.

Zumunci bai taɓu ba, abin da kowa zai faɗa maka ke nan. Ni na ɗauki hoton aurensa, ni na ɗauki na sunan 'ya'yansa. In na je gida ya tare ni da tsiya, in rama. Sai dai yana da wata ɗabi'a da take ci min rai. In an zauna hira, sai ya kama ba 'ya'yansa labarin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, da tumfafiyar, da kukar, da sawun shanun, har da inda rana take. Su yi ta dariya suna cewa Baba da hotunan da ba wanda ya gani. Sai ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi Ummaru, shi ya leƙa." Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: ƙaya ce da kashin shanu. A yi dariya a tashi. Shekara talatin yana miƙo min wannan tambaya a gaban mutane, ina mayar masa da ita. Bara waccan ya rasu, bayan an gama girbi.

Yanzu ƙauyenmu akwai famfo mai aiki da hasken rana, rijiyar da muka sha wuya a kanta an rufe bakinta da itace. Yaran gidanmu ba su san ɗanɗanon anza ba. Fim kuwa sai dai labari. Kowa da waya a hannu, samari suna zuwa bakin fadama su ɗauki itace ɗari a yini ɗaya, su kawo min in wanke musu wanda suka zaɓa. Ba ya damuna. Dannawa suke yi, irin tawa.

Ran goma sha biyu ga azumin nan, da hantsi, wata mata ta yi sallama a ƙofar shago. Luba ce, 'yar Nomau ta biyu, wadda take koyarwa a Dogon Daji. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi ya zafi ya ibada, na tambayi mutanen gida. Sannan ta miƙo waya ta ce akwai hotuna da take so a wanke manya, za ta rataya a aji.

Na fara dubawa a tsaye, sai na nemi kujera. Saiwar sabara ce da zaizayar ƙasa ta tone, tana riƙe da gaɓa kamar yatsu. Sai goriba biyu a kan tudu, da inuwarsu ta gangaro har ƙasan kwari. Sai wata busasshiyar magarya da ban san me ta gani a jikinta ba sai da na gani. Ba wanda ya koya mata. Bai taɓa riƙe kyamara a gabanta ba. Ni kuwa 'ya'yana huɗu sun tashi cikin shagon nan, kuma ba wanda yake iya ɗaukar fasfo kai bai karkace ba.

"Baba Ummaru," ta ce, "tambaya nika son yi maka, don kai kaɗai kar rage. Hotunan ga da Baba ka faɗi kullum. Da gaske ya iya, ko dai labari na?"

Shagon ba kowa sai mu biyu. Mai tambayar da na saba mayar wa da ƙaya yana ƙasa. Na ajiye wayar a cinya.

"Ya iya," na ce. "Ya fi ni nesa ba kusa ba. Tunda nike ban ga mai ido irin nashi ba. Kuma fim ɗin nan da gangan nib buɗe shi."

Ta yi dariya, irin dariyar ubanta, har da rufe baki da gefen hijabi. Sai dariyar ta tsaya a hanya, ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

"To, na gane," ta ce. "Dama ya faɗa min. Ya ce taubashi ba shi yabon taubashinai. In ka ce ƙaya ta, to in san hoto na. Ranar da duk nij ji ka yabe shi, ba'a ta kaka yi." Ta ɗago kai. "Ni dai na so a ce ya iya."

Da na ce "wallahi" sau ɗaya, ya isa. Da azumi a bakina, ta san ba zan rantse a kan wasa ba, kuma da ta koma Dogon Daji da abin da ubanta ya yi shekara talatin yana nema a bakina. Kalmar ta zo min har kan harshe. Sai na sake duban wayar, saiwar sabarar nan tana nan a kan gilashi, abin ya taso min sabo fil, bai tsufa ba ko kaɗan. Na miƙe na kunna inji.

"Wane girma kika so a wanke miki?" na ce.